Dabinon da Kika Daina Ci

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ina fatan wannan rana ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Dakoro lafiya lau muke. An gama girbi, hatsi ya yi kyau gwargwado, kuma Yaya Sani ya aiko mana da gyaɗar gonarki ta Ɗan Gulbi. Surukinki yana gaishe ki. Uwani, takwararki, tana nan gefena tana fasa gyaɗar, rabi a faifai rabi a baki.

Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma akwai albishir da kika ce ni zan kawo miki, kuma ga shi ya samu. Na kuma san waɗansu za su karanta wasiƙar nan, iyaye mata da tsofaffin ɗalibaina. Ki yi haƙuri da su, sun zo sauraro ne.

Yawancinmu idan muka ji an ce sukari ya hau a jinin mutum, abu biyu muke kawowa a rai. Ko dai tsufa ne, ko kuwa wani abu mai zaƙi aka ci. To idan aka ce jaririyar kwana uku ce sukarinta ya hau, jaririyar da ko nono ba ta iya kamawa ba, sai hankali ya tafi wuri ɗaya: wa ya ba ta? Ni ma haka na yi tunani, duk da bokon da na yi. Ke ma haka kika yi, kuma wannan tunanin ya raba ki da dabino har ƙarshen rayuwarki.

Kin tuna ranar. Cikin Uwani yana wata bakwai, ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji uku lissafi, sai na ji bayana ya riƙe. Kafin azahar an haife ta. Ke kuwa kwananki biyu ke nan da zuwa daga Ɗan Gulbi, kin kawo mana kuka da daddawa da zakara ɗaya, da niyyar komawa bayan kasuwa. Da aka nuna miki ita cikin zane, kika daɗe kina kallo, sannan kika ce, "Wannan ai zakaran da na kawo ya fi ta nauyi." Kowa ya yi dariya, har ni da nake kwance. Daga baya na gane dariyar kika nema mana don kada mu yi kuka.

Majo, shugaban ma'aikatan asibitin Dakoro, ya ce sai an kai ta Maradi inda ake da kwalbar jarirai. Ya kuma ce kada a sa mata komai a baki, ko ɗigon ruwa.

Jikokinki goma sha ɗaya kafin ita, babu wanda ba ki yi wa ba. Kina zuwa da dabino ɗaya ƙulle a bakin zane, ki yi bisimilla, ki tauna shi ya yi laushi, ki shafa ɗan kaɗan a gandar jariri, don abin da zai fara shiga bakinsa ya zama mai albarka. Ranar nan, ana neman direban ambilans, ni kuma idona a rufe, kika dubi ta goma sha biyu kika ga kamar ba za ta kai Maradi ba. Ba ki so ta koma ba a yi mata abin da aka yi wa 'yan'uwanta ba. Kika shafa mata. Abin bai kai ƙwayar hatsi ba. Ban gani ba, kuma ba ki faɗa ba.

A Maradi aka sa ta cikin kwalba, da siririn tiyo a hanci wanda ake ɗura mata nonon da nake tatsa, da ruwan serom da ake ƙara mata ta jijiya a hannun da bai fi yatsana kauri ba. Sau da yawa a yini ana zuwa a soki diddigenta a ɗauki ɗigon jini. Duk lokacin da aka soke ta sai ki ɗauke kai, ki matse taki ƙafar.

Rana ta uku likita ya tsaya a kanmu ya ce sukari ya yi yawa a jininta. Da faransanci ya faɗa, ni ce na juya miki da Hausa da bakina. Kika ce, "Sukari? A ina ta same shi?" Na ce ban sani ba. Na tambaye shi ko abin zai yi mata illa, ya ce za su yi ƙoƙarin sauke shi, amma gaskiya jariran da sukarinsu ya daɗe a sama, akan ga waɗansu daga cikinsu suna jinkirin tafiya ko magana ko karatu idan sun girma, don haka za a riƙa bin ta. Wannan ma na juya miki, kalma bayan kalma, kamar ina ba da darasi. Kika tashi kika fita, kika zauna ƙarƙashin dogonyaron tsakar asibitin har la'asar. Na ɗauka addu'a kike yi.

Tambaya ɗaya ce ban yi masa ba, wadda ke kika yi mini: a ina ta same shi? Da na yi ta ranar, da na sauƙaƙe miki shekaru.

Sukarin ya yi kwanaki kafin ya sauka. Suka rage na cikin serom, suka ƙara mata nono kaɗan-kaɗan, suka ba ta magani saboda wata cuta da suka gano a jininta. Da ta yi ƙwari aka fara fito da ita ana ɗora mini ita a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane. Idan na gaji sai ki karɓa, ki sa ta cikin rigarki, ki zauna ko motsi ba kya yi, kina yi mata magana ƙasa-ƙasa. Kina ba ta labarin awakinki, da wanda ya yi aure a Ɗan Gulbi, da yadda ake gane hadarin da zai yi ruwa. Ma'aikatan suka sa miki suna "kwalba ta biyu". Mako shida muka yi.

Ba ki koma Ɗan Gulbi ba. Kika aika a ce wa Yaya Sani ya kula da awakin.

Da azumi ya zo muka ga kina buɗa baki da ruwa kawai, kina ture kwanon dabino gefe. Kunu ma kika ce a riƙa ɗebar miki kafin a sa sukari. Muka tambaya, kika ce haƙori. Surukinki da ba ya barin magana ta wuce ya ce, "Inna, haƙorin da ke tauna kilishi ne dabino ya gagara?" Kika ja mayafi kika ce masa, "Kai dai ci naka." Har na fara neman mai duba haƙori, kika hana.

Uwani kuwa komai nata a hankali yake zuwa. Sa'o'inta suna rarrafe, ita zama take koyo. Suna gudu, ita tana bin bango. Maƙwabta ba su faɗi mugun abu ba, amma akwai irin kallon da ake yi wa yaro sannan a ce "Allah Ya raya" da wata murya. A wurin awo a Maradi aka ce mana idan za mu auna ta da sauran yara, mu riƙa cire wata biyun da ba ta cika a ciki ba. Wannan magana ta yi miki daɗi ƙwarai. Duk wadda ta ce har yanzu ba ta tafiya, sai ki ce, "Ku cire mata wata biyun da ta yi sammako." Kika yi ta cire mata wata biyun nan har ta shekara huɗu, bayan likitoci sun daɗe da dainawa.

Tana da shekara biyu kika faɗa mini. Da rana ne, muna fasa gyaɗa a inuwar zaure, ita tana wasa da ɓawon, kalmominta ba su fi uku ba a lokacin. Ba ki dube ni ba. Kika ce, "Sukarin nan, ni ce na ba ta." Kika ba ni labarin dabinon, hannunki bai daina fasa gyaɗa ba.

Inna, a nan ne nawa laifin yake, kuma shi ya sa na daɗe ban rubuto ba. Na tashi na ɗauki faifan na shiga ɗaki. Kwana uku daga gaisuwa ba na ƙara miki kalma. Ni da nake gaya wa ɗalibai kullum kada su yanke hukunci kafin su tambaya, na yanke miki a zuciyata. Kin gani a fuskata, kuma kika karɓa kamar abin da ya dace da ke.

Mako biyu bayan nan randebunmu na Maradi, ranar da aka sa mana ta ganin likita, ya zo. Likitar da ta duba Uwani mace ce mai sauƙin kai. Bayan ta gama rubutu a karne, ɗan littafin asibitin Uwani, na yi ƙarfin hali na ba ta labarin dabinon. Ta ajiye biro ta yi mini bayani, kuma zan sake faɗa miki shi yadda na fahimta, don masu sauraronmu su ji.

Ta ce jikin kowa yana buƙatar sukari, ƙwaƙwalwa ma da shi take aiki. Akwai wani sashe a cikin ciki da ke fitar da wani sinadari, insulin, wanda shi ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka da sauran jiki. A jikin bakwaini wannan aikin bai gama haɗuwa ba. Da na zo gaya miki sai na kwatanta miki da girbin da ya iso gida alhali ba a gama ginin rumbu ba, dammunan hatsi suna ta taruwa a tsakar gida, ba don an yi noma da yawa ba, sai don babu inda za a zuba.

Ta ce shi ruwan serom da sukari a cikinsa, kuma dole ne a sa, domin jaririn da bai iya tsotso ba, idan aka bar shi sukarinsa faɗuwa zai yi, faɗuwar kuma haɗarinta ga ƙwaƙwalwa a kusa yake. Don haka likitoci tsakanin abu biyu suke tafiya, kada ya faɗi, kada ya hau, shi ya sa ake ta sukar diddige ana aunawa. Cuta a jini ma tana hawar da shi, kuma Uwani ta yi ta. Ta ce wannan ba ciwon sukari irin na manya ba ne, yakan wuce idan jikin ya yi ƙwari. Dabinon da bai kai ƙwayar hatsi ba, wanda aka shafa kwana uku kafin nan, ba shi ne ya hawar da shi ba, ba kuma shi ya riƙe shi a sama ba.

Ba ta ɓoye ɗaya gefen ba. Ta ce kada a ƙara sa wa bakwaini komai a baki ba da sanin ma'aikata ba, ko dabino ko zuma ko ruwan rubutu, saboda yana iya shaƙewa ko ya ɗauki cuta. Nonon farko na uwarsa, wanda waɗansu ke zubarwa, shi ya fi masa komai. Game da ƙwaƙwalwa kuwa, ta ce masana suna kan bincike. Gaskiya ne ana ganin jinkiri a waɗansu yaran da sukarinsu ya daɗe a sama, amma sau da yawa su ne kuma mafi ƙanƙanta da mafi rashin lafiya, saboda haka da wuya a ce ga abin da ya jawo. Abin da ke hannunmu shi ne nono, da ɗumi, da magana da yaro, da wasa, da zuwa randebu.

Daga tasha ban tsaya ko'ina ba. Na durƙusa gabanki na ba ki haƙuri, na faɗa miki duka. Kika saurara har ƙarshe, sannan kika ce, "Likita ce mai tarbiyya. Ba za ta ce tsohuwa ta yi laifi a gaban 'yarta ba." Na yi rantsuwa, na zana miki rumbun a ƙasa, na sake farawa daga farko. Kika ce, "Ranar da ta rubuta sunanta da hannunta, ki kawo mini dabino." Na tuna miki cewa ba ki yi lakwal ba, ba ki san boko ba, ko ta rubuta ba za ki gane ba. Kika ce, "Ke ce madam mai koyarwa. Ke za ki shaida."

Daga nan kika buɗe taki makarantar. Ki zuba wake da gyaɗa a faifai ɗaya, ki ce ta raba miki su da yatsu biyu, idonki a kanta kada ta kai baki ko hanci. Kowace ƙwaya ta ɗauka sai ta faɗi sunanta. Ki share ƙasa ki kama yatsanta ku zana ƙofar rumbu, da ƙahon saniya, da hanyar Azagor mai lanƙwasa. Idan kina tuƙa tuwo sai kin gaya mata duk abin da kike yi, kamar mai ba baƙuwa labari. Wata rana na buɗe littattafan da aka koya mana aikin koyarwa da su, na ga abin da kike yi a rubuce, da dogayen sunaye. Da na gaya miki kika yi dariya kika ce, "Ashe su ma suna da wake."

Tana da shekara biyar kika tafi, bayan jinyar kwana tara, da hantsi. A cikin ƙaramar kwallarki, ƙarƙashin carbi, na sami ƙwallon dabino ɗaya ƙulle a tsumma. Ban tambayi kowa ba, na san ko na wane ne.

Bara ta shiga aji ɗaya, kuma shekarar ta yi mana wuya. Idan aka tambaye ta da baki tana amsawa, amma alli ba ya zama a hannunta, tana gajiya kafin ta cika layi. Sau ɗaya na ɗaga mata murya a gida, ta dube ni da irin kallonki, na ji kunya har ƙafata. Da shekara ta ƙare na roƙi a bar ta ta maimaita. Waɗansu suka ce 'yar madam guda da maimaita aji. Na ce a zuciyata, ku cire mata wata biyun da ta yi sammako.

Kin san a gida Uwani muke ce mata, domin babu mai iya kiran sunanki gatsau. Amma a lakwal sunan yanka ake rubutawa. Ajinsu na zana ne, jikin nawa yake, don haka kowace safiya ina jin Madam Hawa, malamarsu, tana kiran sunanki da ƙarfi, wata siririyar murya tana amsawa. Har yau idan na ji sai allin ya tsaya a hannuna.

Ranar Laraba da ta wuce, lokacin hutun ƙarfe goma, ina zaune ina duba kaye, littattafan rubutun ɗalibai, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Uwani ce. Ta riƙo allonta a kwance da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, tana tafiya a hankali kada rigarta ta goge rubutun. Madam Hawa tana tsaye daga nesa, ta harɗe hannu tana murmushi, ta yi mini alama cewa ba ta kama mata hannu ba.

Haruffa shida ne, Inna. Na farkon ƙato, na tsakiyar sun jingina da juna, na ƙarshen saura kaɗan ya faɗo daga gefen allon. Amma babu wanda ya ɓace, babu wanda ya juya baya. Sunan da ban taɓa kira da bakina ba, ga shi da farin alli a hannun jikarki.

Kin ce ni zan shaida. To na shaida.

Da aka tashi muka bi ta kasuwa na sayi tiya ɗaya ta dabino. Washegari aka raba wa 'yan ajinsu da nawa, sadaka gare ki. Guda ɗaya mai laushi na ware, na sa a ƙaramin kwanonki na sha, na ajiye a inuwar zaure inda kike zama. Uwani ta tambaya na wane ne, na ce na Inna. Ta ce ai Inna ba ta cin dabino, haƙori. Na ce yau ta warke. Ta yi tunani, sannan ta ce tunda sunansu ɗaya, bari ta ci mata. Ta yi bisimilla ta cinye, ta miƙo mini ƙwallon. Na haɗa shi da naki a tsumma ɗaya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san abin da ke gaba ba. Lissafi har yanzu yana ba ta wuya, kuma ban sani ba ko kwanakin nan na sukari sun bar wata alama, ko sammakon ne kawai, ko kuwa haka Allah Ya yi ta. Muna ci gaba da zuwa randebu, faifan wake ma bai huta ba. Amma raina a kwance yake. Abin da na tabbata shi ne, abin da kika sa mata a baki ranar farko bai rage mata komai ba, abin da kika yi ta sa mata a kunne da yatsu shekara biyar kuwa ina ganinsa kullum.

Ki ba ni izini in juya ga masu sauraronmu da magana biyu. Wadda duk aka ce mata sukarin jaririnta ya hau, ta yi tambayar da ban yi ba: daga ina ya zo, me ake yi a kai, me zan yi idan mun koma gida? Ta sake tambaya har sai ta gane, sannan ta juya wa tsohuwar da ta rako ta duka, ba rabi ba. Wadda kuma take da yaro mai zuwa a hankali, wanda ya wuce kai komai baki, ta ɗauko faifai yau da la'asar, ta zuba wake da gyaɗa, ta zauna kusa da shi ta gwada. Idan akwai tsohuwa a gidan, a kira ta ta zauna, ta fi mu iyawa. In kuma an lura ta daina cin wani abin da take so, kada a tsaya a kan maganar haƙori.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya yafe miki abin da kika sani da wanda kika ɗora wa kanki ba naki ba. Ya yalwata makwancinki kamar yadda kika yalwata wa Uwani ƙirjinki. Ya yafe mini kwana ukun nan. Ya ciyar da ke dabinon Aljanna, ki ci da haƙoranki lafiya lau. Amin.

Taki har kullum,
Rakiya, uwar takwararki,
daga inuwar zaure, Dakoro.